Yadda Ake Haɗa Na'urar Wasa ta Hannu Wadda Ba Ta Buƙatar Batir

Na'urar wasa ta hannu wadda babu batir a cikinta ba tatsuniya ba ce, kuma ba jiya aka fara yin ta ba. Tun a 1982 kamfanin Bandai na Japan ya fitar da jerin ƙananan wasanni masu suna LCD Solarpower, waɗanda haske kaɗai ke motsa su. A 2020 kuma masu bincike daga Jami'ar Northwestern ta Amurka da Jami'ar Fasaha ta Delft da ke Holan suka nuna wata na'ura da suka sa wa suna ENGAGE, mai siffar Game Boy ɗin da Nintendo ya fitar a 1989, wadda take buga wasannin tsohuwar na'urar ba tare da batura huɗun nan da take ci ba. Wutarta tana fitowa daga ƙananan farantan sola da aka jera a fuskarta da kuma ƙarfin yatsan mai wasa idan ya danna maɓalli. Ba ta da sauti, kuma takan mutu na ƙasa da daƙiƙa ɗaya bayan kusan kowace daƙiƙa 10 ta wasa, sannan ta farfaɗo daidai inda ta tsaya.

Abin lura a aikin nasu shi ne, ba su ɓata ƙarfinsu wajen hana wuta yankewa ba. Sun yarda cewa za ta yanke, sai suka tsara na'urar yadda yankewar ba za ta ɓata wasa ba. Bayanin da ke tafe ya bi wannan tunani, amma ta hanyar da ta fi tasu sauƙi ƙwarai, da kayan da mai gyaran rediyo ko ɗalibin kimiyya a Sakkwato zai iya cirowa daga tsofaffin na'urori ko ya yi odarsu ta intanet. Na'urar da za a haɗa ba za ta ɗauki wasannin Game Boy ba. Za ta iya ɗaukar dara, ko wasan macijin nan da aka sani a tsofaffin wayoyin Nokia, kuma wannan ya isa a koyi duk abin da ke cikin sana'ar.

Mataki na farko: sanin abin da na'urar za ta ci

Masu farawa sukan yi gaggawar sayen farantin sola, alhali shi ne ya kamata ya zo daga baya. Kafin a nemo wuta sai an san yawan wutar da ake nema, kuma duk miliamfiya ɗaya (ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja) da aka rage daga cin na'ura ya fi arha a kan ƙarin farantin da zai samar da ita.

Ƙwaƙwalwar na'ura, wato ɗan guntun da ke sarrafa ta, wadda ta dace da mai koyo ita ce ATmega328P, wadda ke kan allon Arduino Pro Mini. A tabbata an sayi mai bolt 3.3 da gudun megahaz 8, domin akwai wani mai kama da shi sak wanda ke aiki da bolt 5 da megahaz 16, kuma ya fi cin wuta. Idan tana aiki sosai, wannan ƙwaƙwalwa tana jan miliamfiya 3 zuwa 4, idan kuwa aka sa ta dogon barci sai jan ya faɗo zuwa 'yan maikuro'amfiya (guda 1,000 daga cikinsu ne miliamfiya ɗaya). Sai dai allon yana zuwa da abubuwa biyu masu sace wuta dare da rana: ƙaramar fitilar da ke nuna cewa yana kunne, da regiletar da aka liƙa masa, wato abin da ke daidaita bolt. A ɗora ƙarfen narka dalma a cire su duka biyun. Fitilar nan kaɗai, duk da ƙanƙantarta, tana iya cin abin da ya ninka na ƙwaƙwalwar da ke barci sau ɗaruruwa.

Wajen zaɓen allon kallo ne mutane suka fi yin asara. Allon OLED yana da kyan gani, amma shi da kansa yake samar da haskensa, saboda haka yakan ja miliamfiya 10 zuwa 20 gwargwadon yawan ɗigon da ke kunne, ga shi kuma yana dusashewa a tsakar rana. Allon Nokia 5110 mai ɗigo 84 a kwance da 48 a tsaye yana jan ƙasa da rabin miliamfiya matuƙar ba a kunna fitilun bayansa ba, kuma hasken waje yana ƙara masa fitowa ne. Shi ya kamata a ɗauka. Wanda ke da hali zai iya neman Sharp Memory LCD, wanda cinsa ya fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai dai yana da tsada kuma sai an yi oda.

Abu na uku shi ne regileta, wadda za ta riƙa ba na'urar bolt 3.3 tsayayye. AMS1117 ita ce ta fi yawa a hannun masu gyara, amma ba ta dace da wannan aiki ba ko kaɗan, domin ita kanta tana cinye kusan miliamfiya 5 ko da ba a ɗora mata komai ba, wato fiye da na'urar gaba ɗaya. A nemi MCP1700 ko HT7333, waɗanda cinsu bai wuce 'yan maikuro'amfiya ba.

Idan an haɗa waɗannan a allon gwaji, sai a ba su wuta daga caja ta cikin mita, a juya mitar zuwa ma'aunin miliamfiya, a rubuta lambar da ta nuna lokacin da wasa ke gudana da lokacin da na'urar ke barci. A kan waɗannan lambobi biyu sauran lissafin zai ginu. A nan za mu ɗauki miliamfiya 4 a matsayin cin na'urar da ba ta barci.

Mataki na biyu: zaɓen inda wuta za ta fito

Hanyoyin da ake yawan ambata su ne haske, danna maɓalli, murza hannu, zafin jiki da igiyar rediyo. Biyu daga cikinsu kawai suke da amfani a nan, kuma gara a kawar da sauran tun da wuri don kada a ɓata kuɗi.

Zafin jiki yana ba da wuta ne ta farantin Peltier, irin wanda ke cikin wasu ƙananan na'urorin sanyaya ruwa, kuma yana aiki ne idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da iskar Sakkwato kan haura digiri 40, tafin hannun mutum ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, ko kuma sun yi kusan daidai, don haka babu wani bambancin kirki da za a tatsa. Igiyoyin rediyo da na waya da ke yawo a iska kuwa abin da ake samu daga gare su bai kai ya riƙe allon kallo ba.

Danna maɓalli ya fi jan hankali, tunda mai wasa dama dannawa yake yi, amma lissafi yana rage masa armashi. Kamfanin EnOcean na Jamus yana ƙera makunnin fitila marasa batir, waɗanda dannawa ɗaya ke motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya, kuma abin da ake samu a dannawa ɗaya ya ɗan haura maikurojul 100 (jul ma'aunin makamashi ne, maikurojul kuma kashi ɗaya cikin miliyan nasa). Na'urarmu mai jan miliamfiya 4 a bolt 3.3 tana cin kusan maikurojul 13,000 a kowace daƙiƙa, wato sai an danna kusan sau 100 a daƙiƙa ɗaya kafin maɓalli kaɗai ya riƙe ta. Ko a ENGAGE ɗin ma tallafi maɓallan suke yi wa sola. A ganina mai farawa ya bar wannan hanya sai ya ƙware. Wani gargaɗi kuma: abin ƙyastawar da ke cikin laita yana ba da dubban bolt a ƙiftawar ido, kuma duk wanda ya jona shi da ƙwaƙwalwar na'ura ya ƙona ta nan take.

Saura haske da murzawa. Haske dai Allah ya hore mana shi, kuma ba banza ba Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki a kansa. Amma akwai tarko a nan. Lambar da aka rubuta a bayan farantin sola an auna ta ne a hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana digiri 25, alhali ba wanda zai tsaya a tsakiyar ranar bazara yana wasa. Yaro a zaure zai zauna, ko a gindin dogon yaro, ko a ɗaki kusa da taga. A ma'aunin haske da ake kira lukus, tsakar rana tana kai kusan 100,000, inuwar da ke fili takan ba da kusan kashi ɗaya cikin 10 na wannan, cikin ɗaki kuwa sau da yawa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Da yake wutar faranti tana bin yawan haske ne, farantin da ke ba da miliamfiya 60 a rana zai iya komawa 6 a inuwa, a ɗaki kuma ya kasa kai 1.

Saboda haka a ɗauki farantin da mita a je wurin da za a riƙa wasan da gaske. A juya mitar zuwa miliamfiya, a ɗora bakunanta biyu kai tsaye a kan wayoyin farantin, a rubuta abin da ta nuna da hantsi, da azahar, da kuma bayan la'asar. Sannan a juya ta zuwa bolt a sake aunawa. Idan abin da aka samu a inuwa ya fi cin na'urar, za ta yi ta aiki ba yankewa. Idan bai kai ba, za ta riƙa aiki tana hutawa, kuma matakan da ke gaba domin wannan aka tanade su.

Faranti mai bolt 6 da miliamfiya 60 zuwa 80 ya dace. Dalilin zaɓen 6 maimakon 5 shi ne zafi: farantin silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya hau sama da 25, kuma bolt ɗinsa ne ke sauka, ga shi farantin da ke kwance a ranar Sakkwato yana iya haura digiri 60. Dabarar da ta fi kowace biyan buƙata ita ce a raba farantin da jikin na'urar, a sa masa siririyar waya mai tsawon mita 2 da soket, ta yadda shi zai sha rana a tsakar gida, mai wasa kuma yana inuwa. Daga Afrilu zuwa Agusta rana tana bi kusa da tsakiyar ka, don haka kwantar da shi ya wadatar. Da hunturu kuwa sai a jingina shi yana kallon kudu, a riƙa share ƙurar da ke kwanta masa da tsumma mai laushi.

Murza hannu shi ne na dare da ranar hadari. A ciro ƙaramin janareton da ke cikin tocilan mai murzawa, tare da haƙoransa da mariƙinsa. Idan wutar da yake bayarwa mai juyawa ce, sai a bi da ita ta gadar dayod huɗu, waɗanda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Murzawar da ke ba da miliamfiya 80 na daƙiƙa 20 ta isa ta mayar da abin da wasan minti 6 ya cinye, kamar yadda lissafin da ke biye zai nuna.

Mataki na uku: ma'ajiyar wuta

Tunda babu batir, sufa-kafasita, wato kafasitar da ke ɗaukar wuta fiye da ta yau da kullum nesa ba kusa ba, ita ce za ta riƙe wutar da aka tara. Tana jure caji da saukewa sau dubban ɗaruruwa, inda batirin litiyam kan gaji bayan 'yan ɗaruruwa, ba ta kuma kumbura irin kumburin da batirin waya ke yi a zafi. Aibinta shi ne ƙarancin abin da take ɗauka. Mai farad 1 (farad ne ma'aunin girman kafasita) da aka cika zuwa bolt 5 tana riƙe da jul 12.5, batirin AA mai kyau guda ɗaya kuwa yana ɗauke da kusan jul 10,000, wato cikin cokali ne a gefen bokitin ruwa. Haka kuma tana tsiyayar da wutarta a hankali ko ba a taɓa ta ba, don haka kada a yi tsammanin wadda aka cika jiya za ta wayi gari a cike.

Lissafin girmanta ba shi da wuya. Ba duk wutar cikinta ce za ta yi amfani ba, domin regileta tana buƙatar abin da ya ɗan fi bolt 3.3 kafin ta yi aiki daidai, saboda haka za mu yi wasa ne tsakanin bolt 5 da 3.6, tazarar 1.4 ke nan. A ninka farad da wannan tazara, a raba da amfiyar da na'ura ke ja, abin da ya fito shi ne daƙiƙoƙin wasa. Da farad 1 da miliamfiya 4, wato 1.4 a raba da amfiya 0.004, za a samu daƙiƙa 350, kusan minti 6 ba tare da haske ko kaɗan ba. Idan an rage jan zuwa miliamfiya 1.5 sai ya zama kusan minti 15, idan kuma ya sauka zuwa rabin miliamfiya ya haura minti 45.

Mutum zai ce to me zai hana a sa mai farad 10? Abin da zai hana shi ne jiran farko. Kafasita mai farad 1 da ta ƙare ƙaf tana buƙatar daƙiƙa 1,000, kusan minti 17, kafin miliamfiya 5 ta inuwa ta cika ta, mai farad 10 kuwa sai ta kusa awa 3. Yaron da aka miƙa wa na'ura ba zai jira haka ba. Tsakanin rabin farad da farad 1.5 ne daidai. Mai siffar kwabo da aka rubuta wa bolt 5.5 ta wadatar da ɗan jan da muke yi. Idan masu bolt 2.7 aka samu, sai a jera biyu ɗaya bayan ɗaya, a tuna cewa farad ɗinsu zai koma rabi, a kuma ɗora wa kowace resista iri ɗaya mai yawan om don kada ɗaya ta fi ɗaya ɗaukar bolt.

Mataki na huɗu: jona wayoyi

Daga ƙarin farantin, wato jar wayarsa, wuta za ta bi ta dayod 1N5817 ko 1N5819 zuwa ƙarin kafasita, ɓangaren dayod mai zobe yana kallon kafasitar. Aikinsa shi ne hana wuta komawa cikin faranti idan duhu ya yi. An zaɓe shi a kan 1N4007 da kowa ya sani ne domin yana cin kusan bolt 0.3, wancan kuwa 0.7. Janareton murzawa ma ta nasa dayod ɗin zai shigo wuri guda, da resista a hanyarsa wadda za ta hana wutar wuce miliamfiya 80.

Faranti mai bolt 6 yakan haura 7 idan ba a ɗora masa kaya ba, kuma wannan zai lalata kafasita mai 5.5. Mai tsaron ta shi ne TL431, ɗan abu mai ƙafa uku kamar tiransisto, wanda ake yawan samu a cikin matattun cajoji da akwatin wutar kwamfuta. A jona ƙafarsa ta katod da ƙarin kafasita, ta anod da ragi, wato ɓangaren baƙar waya, sannan a jera resista biyu masu kilo'om 47 daga ƙari zuwa ragi, a kai mahaɗarsu ga ƙafa ta uku. Da zarar kafasita ta kai kusan bolt 5 zai fara zubar da rarar. Iyakarsa miliamfiya 100 ce, kuma zai yi zafi idan ya kusance ta, shi ya sa aka ce kada farantin ya wuce 80.

Bayan kafasita sai makunni, sai regileta da ƙananan kafasitocin da takardarta ta nema a mashiga da mafita, sai ƙafar shigar wuta, wato VCC, ta Pro Mini da ta allon kallo. Allunan Nokia 5110 ba su da jerin ƙafa iri ɗaya, mai jan allo daban mai shuɗi daban, don haka a bi rubutun da ke jikin wanda ke hannu, a kuma bar ƙafar fitila ba a jona ta ko'ina ba. Maɓallai shida sun isa, kowanne daga ƙafar ƙwaƙwalwa zuwa ragi. Na ƙarshe, wanda bai kamata a manta ba, shi ne ma'aunin wuta: resista biyu masu mega'om 1 a jere daga bayan makunni zuwa ragi, mahaɗarsu ta tafi ƙafar A0, da kafasita mai nanofarad 100 daga A0 zuwa ragi. Ta nan ne na'urar za ta san abin da ya rage mata.

Mataki na biyar: manhajar da ba ta mantuwa

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata a ba da mafi yawan lokaci.

Abu na farko shi ne barci. Zaɓen wasa ma yana cikin lissafin wuta, kuma dara ta fi kowane dacewa: gurabe 30, layi 5 a 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, kuma mafi yawan lokacin mutum tunani yake yi. Duk tsawon wannan tunani ƙwaƙwalwar tana iya yin dogon barci, allon kallo yana riƙe da hoton da kansa, sai an danna maɓalli ta farka ta yi aikin da bai kai ƙiftawar ido ba ta koma. Ta haka jan zai zauna kusa da rabin miliamfiya. Wasan maciji yana buƙatar motsi ba tsayawa, amma shi ma ana iya sa agogon tsaro na cikin ƙwaƙwalwar ya riƙa tashin ta kowace milidaƙiƙa 125, wato sau 8 a daƙiƙa, ta matsar da maciji ta sake kwanciya, jan ya tsaya tsakanin miliamfiya 1 da 1.5.

Abu na biyu shi ne iyakoki biyu, na tashi da na kwanciya. Idan iyaka ɗaya aka sa, na'urar za ta farka da zarar wuta ta ɗan taru, ta cinye ta wajen farkawa, ta mutu, ta sake farkawa, ta yi ta wannan wahala ba tare da an ga komai a allo ba. Maganin shi ne, da ta kunnu ta fara karanta A0. Tunda resistocin sun raba bolt ɗin biyu, kuma ma'aunin yana ƙirga daga 0 zuwa 1023 a kan bolt 3.3, bolt 4.2 zai fito kusan 651, bolt 3.6 kuma kusan 558. Idan lambar ba ta kai 651 ba, ta koma barci ba tare da kunna allo ba, ta riƙa leƙowa kowace daƙiƙa 8. Idan ta kai, wasa ya fara, kuma ba zai tsaya ba sai lambar ta faɗo 558. Yana da kyau a zana ɗan layi a gefen allo mai nuna sauran wuta, domin mai wasa ya san lokacin matsawa kusa da haske ko kama mariƙi.

Abu na uku shi ne ajiyar halin wasa. ATmega328P tana da ma'ajiya mai suna EEPROM mai bayit 1,024 wadda ba ta gogewa idan wuta ta yanke. Rubuta bayit ɗaya yana ɗaukar kusan milidaƙiƙa 3.4, kuma kowane gurbi yana jure rubutu kusan sau 100,000. Halin dara bai wuce bayit 30 na gurabe da wasu 'yan kaɗan na wanda ke da bugu da matakin da wasa yake ba, don haka ajiyarsa kusan kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa ce. Ga maciji kuwa, idan aka raba allon gida-gida mai ɗigo 4 a 4 za a samu gida 21 a 12, wato 252, lambar kowane gida ta shiga bayit ɗaya, kuma ko macijin ya cika allon ajiyarsa ba za ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Kada a manta da makin da aka ci, da inda maciji ya dosa, da wurin abincinsa. Da lambar ta taɓa 558 sai a tsayar da wasa, a rubuta, a kashe allo, a kwanta.

Amma wuta tana iya yankewa ana tsakiyar rubutu, misali idan an kashe makunni ko waya ta tsinke, sai a wayi gari da rabin sabon hali da rabin tsoho, wanda ya fi rashin ajiyar muni. Don haka a ware wurare biyu a ma'ajiyar, a riƙa rubutu a cikinsu bi da bi. Kowace ajiya ta ɗauki lambar jeri mai ƙaruwa da kuma jimillar bayit ɗinta a matsayin shaida, kuma shaidar ce za a rubuta a ƙarshe. Idan na'ura ta farka sai ta sake tara jimillar kowane wuri, ta watsar da wanda bai dace da shaidarsa ba, ta ɗauki mai lambar jeri mafi girma a cikin masu lafiya. Mafi munin abin da zai faru shi ne a koma ajiyar da ta gabata. A kuma tabbata tsarin BOD na ƙwaƙwalwar yana kan bolt 2.7, domin shi ne ke tsayar da ita kafin ƙarancin wuta ya sa ta rubuta shirme.

Wanda ke son ajiya bayan kowane motsi, musamman a wasan maciji, EEPROM za ta gaji da wuri. Sai ya ƙara aisin ma'ajiya nau'in FRAM kamar MB85RC256V mai kilobayit 32, wanda ke jonuwa a ƙafafun A4 da A5, yana rubutu nan take, yana kuma jure rubutun da na'urar ba za ta taɓa ƙure shi ba. Irin wannan ma'ajiya ce masu ENGAGE suka dogara da ita.

Gwaji da akwati

Kada a gwada na'urar a rana mai kyau kawai a ce ta yi. A cire sufa-kafasitar na ɗan lokaci, a sa kafasita ta yau da kullum mai maikurofarad 10,000, wadda za ta ƙare cikin 'yan daƙiƙoƙi, a rufe farantin da hannu a buɗe, a ga ko dara tana dawowa da kowane ɗa a gurbinsa. Sannan a riƙa kashe makunni da gangan daidai lokacin ajiya, sau da yawa, har a gamsu cewa wurare biyun suna aikinsu. Idan allo yana ƙyaftawa yana mutuwa, tazarar iyakokin biyu ta yi kaɗan. Idan kafasita ta ƙi haura bolt 4 a inuwa, ko dai bolt ɗin farantin ya faɗi saboda ƙarancin haske, ko kuma wani abu yana satar wuta, kuma mita a tsakanin kafasita da makunni za ta nuna wanne ne.

Ga matsalar ƙarancin haske akwai allo mai aisin BQ25570 na kamfanin Texas Instruments, wanda ke ɗaga ƙaramin bolt zuwa abin da kafasita ke buƙata. Kowace daƙiƙa 16 yakan saki farantin ya auna bolt ɗinsa, sannan ya riƙe shi a kashi 80 cikin 100 na abin da ya gani, inda faranti ya fi ba da ƙarfi. Yana maye gurbin dayod da TL431 da regileta gaba ɗaya, amma ƙafafunsa ƙanana ne ƙwarai, gara a saye shi a haɗe a kan allonsa, a kuma duba iyakar bolt ɗin da yake karɓa kafin a jona masa faranti, domin mai bolt 6 ya yi masa yawa.

Akwatin ya zama fari ko mai haske, na roba ko na katako, kafasitar kuma a ɓoye ta nesa da inda rana ke duka, domin ƙa'idar da masu ƙera ta ke bi ita ce kowane ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ranta biyu. Allon kallo ma yakan yi baƙi idan ya gasu, ko da yake yana dawowa in ya huce, don haka kada a bar na'urar a gaban gilashin mota ko a kan kwanon rufi. A toshe gefen maɓallai da siririyar roba saboda ƙurar hunturu, a duba ƙari da ragin kafasita sau biyu kafin a narka mata dalma, a kuma wanke hannu da sabulu bayan aiki, tunda mafi yawan dalmar da ke kasuwa tana da gubar da ba a so ta kai baki.